Sau biyu muka je kafin mu ga Sarki Henry

Aikin makarantar 'yata ne ya ja mu. Tana aji 7 a nan jihar Maryland ta Amurka, kuma a zangon farko aka ba su aiki kan rayuwar mutanen Turai a zamanin tsakiya, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500. Malamarsu ta ce duk wanda iyayensa suka samu sarari ya roƙe su su kai shi bikin Renesans, na kwaikwayon rayuwar Turawan dauri, da ake yi a Crownsville, kusa da Annapolis, ya gane wa idonsa. Tun daga ranar ban ƙara samun sakat ba, safe da yamma sai "Abba, yaushe za mu je?" Ni kuwa a raina na ɗauka wani gidan adana kayan tarihi ne irin Gidan Makama na Kano, a shiga a kalli takubba a cikin gilashi, a karanta bayani, a fito. Shekaruna da dama a ƙasar nan, na sha ganin tallar bikin a gefen hanya, amma ban taɓa tambayar ko mene ne ba. Wannan rashin tambaya shi ya sa muka yi tafiyar sau biyu.

Ranar wata Asabar a ƙarshen Satumba muka shirya, ni da uwargida da yaran biyu. Ban duba komai ba, adireshi kawai na sa a waya. Tafiyar da ya kamata ta ci minti 40 daga gidanmu ta babbar hanya mai lamba 50 sai da ta haura awa ɗaya da rabi, domin da zarar an sauka daga babbar hanya an kama 'yar siririyar da ke shiga wurin, motoci ne jere kamar ranar kasuwar Wudil. Muna cikin wannan jan jiki na fara ganin alluna a gefen hanya suna cewa tikitin yau ya ƙare. Na ce wa uwargida ai wannan na intanet suke nufi, in mun isa ƙofa za mu saya. Ta kalle ni ta ce, "Baban yara, ka dai tabbata?" Na ce ta bar ni da su. Da muka ƙarasa, wani matashi mai kula da shigar motoci ya gaya mini cikin ladabi cewa ba a sayar da tikiti a ƙofa, ta intanet kaɗai ake saya, kuma kowane tikiti da ranarsa. Laifin nawa ne, domin an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a shafinsu, ni ne ban karanta ba. Muka juya. Ƙaramin yana kuka, babbar ta yi shiru irin wanda ya fi kuka ciwo, uwargida kuma ba ta ce uffan ba har muka iso gida.

A daren na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Ana yin bikin ne a ƙarshen mako, Asabar da Lahadi, daga ƙarshen Agusta zuwa wajen ƙarshen Oktoba, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 7 na yamma. Makonnin farko sun fi sauƙin samu kuma sun ɗan fi araha, saboda zafi na korar mutane. Na Oktoba kuwa, lokacin da iska ta yi sanyi, tun da wuri ake wawashe su. Da ƙyar na samu wata Lahadi mako uku gaba. Na biya kimanin dala 30 ga kowane babba, na yarinyar wajen rabin haka, ƙaninta mai shekara 5 ba a biya masa. Tikitin ya zo ta imel da lambar da ake haskawa a ƙofa. Na adana hotonsa a waya, kuma Allah ya sa na yi haka, domin a cikin wannan taro sabis ɗin waya yakan yi ta ɗaukewa.

Mako ukun nan na jira sun yi mini rana, domin na samu damar bin asalin abin. Ashe ba daga Turai aka kawo shi ba, haifaffen Amurka ne. Wata malamar makaranta mai suna Phyllis Patterson da mijinta Ron ne suka fara shi a Kalifoniya a 1963, daga wasan kwaikwayon da take koya wa yara, kuma an yi na farkon ne don tara wa wani gidan rediyo kuɗi. Daga nan ya bazu jihohi. Na Texas, wanda aka fara a 1974, shi ake kira mafi girma. Namu na Maryland an fara shi a 1977, ya koma inda yake yanzu a 1985, a kan fili mai eka 27 a cikin kurmi, inda aka gina ƙauyen katako na dindindin aka sa masa suna Revel Grove. Labarin da suke kwaikwaya shi ne wai Sarki Henry na 8 na Ingila ya kawo ziyara ƙauyen da fadawansa. A nan na fara ɗaga gira. Henry ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, wato bayan zamanin da aka ba 'yata aiki a kai. Renesans, zamanin farfaɗowar ilimi da zane da gine-gine da ya faro daga Italiya, shi ne ya gaji zamanin tsakiya. Na gaya wa yarinya ta riƙe wannan a ranta, ta ce to, amma na san hankalinta na wajen dawaki.

Ranar Lahadin muka fito tun ƙarfe 8 da rabi. Uwargida ce ta kawo shawarar cewa tunda an ce mutane ado suke ci su je, in sa babbar riga. Na ɗauko farar shaddata mai aiki da hula, ita ta sa leshi da mayafi, yaran ma aka sa musu kayan Sallah. Wannan karon kafin 9 da rabi mun ajiye mota. Ajiye mota kyauta ne, a wani makeken fili mai ciyawa, kuma na ɗauki hoton layin da muka tsaya da wata bishiya da ke kusa, wanda ya cece mu da yamma. A bakin ƙofa, wadda aka gina kamar ƙofar ganuwa, mutane sun riga sun taru. Kafin a buɗe, 'yan wasa suka fito a saman ginin suna ta barkwanci da taron cikin Turancin dauri, irin wanda ko 'yata da aka haifa a nan sai da ta ce, "Abba, me suke cewa?" Ƙarfe 10 aka buɗe, aka haska tikiti, aka leƙa jaka, muka shige. Duk layin bai fi minti 20 ba. A nan ne na ga an mayar da wani saurayi ya kai takobin adonsa mota, domin ba a shiga da makami ko na wasa ne. A ƙofar aka ba mu takarda mai taswirar ƙauyen da jadawalin wasanni. Na ninke ta na cusa a aljihu ban duba ba, kuskure na biyu ke nan.

Abin da ido ya fara cin karo da shi ya rikita ni. Ga wata mata cikin rigar fadar Ingila mai faɗi kamar lema, ga wani ƙato da fatar dabba a kafaɗa da hular ƙarfe irin ta 'yan Baikin na arewacin Turai, ga wasu sun yi shigar 'yan fashin teku, ga 'yan mata da fukafukan roba a baya da kunnuwa masu tsini wai su aljanu ne. Na lissafa a raina: hare-haren 'yan Baikin a Ingila sun faro ne a 793, 'yan fashin tekun da ake kwaikwaya kuma na wajen 1700 ne. Shekara 900 ke nan a layin sayen lemo guda. Kamar a ce an shirya bikin tarihin Hausa, sai ga Bayajida da Sarauniya Amina da Shehu Ɗanfodiyo da direban tifa suna cin tsire a teburi ɗaya, kuma ba wanda abin ya dama. Waɗanda ba su zo da kaya ba akwai rumfar haya kusa da ƙofa, amma mutane da yawa da wandon jins da riga suke yawonsu, ba wanda ya tilasta kowa.

Ba mu yi taku 50 ba wani ɗan wasa mai gashin tsuntsu a hula ya tare ni, ya cire hular ya rusuna har ƙasa, ya shelanta wa jama'a cewa ga jakada daga ƙasashen kudu ya iso fadar sarki. Mutane suka yi tafi suna "huza!", wadda ita ce kalmar jinjinarsu a wurin. Na rasa ko in yi dariya ko in ɓata rai, sai na ɗaga masa dunƙulallen hannu irin na gaisuwar fada, abin ya ƙara burge su. Can gaba wata dattijuwa ta tsayar da ni ta shafa aikin wuyan rigar, ta tambaye ni a wace rumfa na yi hayarta. Na ce mata ba haya ba ce, da ita nake zuwa masallacin Juma'a. Kunya ta kama ta, ta yi ta ba da haƙuri, na ce ba komai. A ranar an roƙe ni hoto ya fi sau goma. Wanda ba ya son a mayar da shi abin kallo ya sa ƙananan kaya. Ni dai ban yi nadama ba, sai ta fuska ɗaya: ƙasar wurin ƙura ce da saiwoyin itace da gangare da hawa, farar shadda kuwa ba ta da maƙiyi kamar ƙura. Uwargida ma takalminta mai ɗan tudu ya gallabe ta tun kafin azahar.

Muka ga dandamali na farko da mutane suka cika, muka samu benci muka zauna. Mutum biyu ne ke wasan barkwanci, da farko abin dariya, jifa da ƙwallaye da tsokanar 'yan kallo. Bayan kamar minti 10 sai zancen ya fara karkata zuwa batsa a lulluɓe, manya na ta ƙyalƙyala. Uwargida ta taɓa ni ta ce, "Tashi mu bar nan." Muka sulale. Sai a lokacin na zaro takardar aljihu, na ga ashe an yi wa wasannin alama, an nuna waɗanda suka dace da yara da waɗanda na manya ne. Muka tsaya gindin wata bishiya na minti biyar muka zaɓi abin da za mu kalla da lokacinsa, abin da ya kamata mu yi tun a ƙofa. Dandamali sun kai goma, kowane wasa kamar rabin awa, kuma ba yadda za a yi mutum ya gan su duka a yini ɗaya. Wani abin da ban sani ba shi ne, a ƙarshen kowane wasa 'yan wasan kan tsaya da hula ko kwando a ba su abin da ya sawwaƙa, kamar dai yadda ake yi wa 'yan kama da makaɗa a gida. Ni kuwa kati kawai na riƙo da takardar dala 20 guda biyu. Wani mai tafiya kan igiya ya sa ɗana dariya har da hawaye, na wuce ta gabansa hannu rabbana, kunya kamar in nutse.

Rashin tsabar kuɗin ya sake kama ni wajen abinci. Rumfunan da muka nufa tsaba suke karɓa, sai da na bi layin na'urar cirar kuɗi na kusan minti 15, aka kuma cire mini ladan cira. Abincin da ya fi suna a irin wannan biki shi ne cinyar talotalo, ƙatuwa kamar taɓarya, kowa ka gani yana riƙe da ita yana yaga. Ɗana ya kafe sai ita. Uwargida ta dubi naman ta ga ja ne, ta ce ita ba ta yarda ba, wannan kamar alade. Na tambayi mai sayarwa, ya ce talotalo ne zalla, jiƙa shi da ake yi a ruwan gishiri kafin a banɗare shi da hayaƙi ne ke sa shi ja. To amma ba yankan Musulmi ba ne, don haka muka haƙura, kowa dai da abin da ya tsaya a kai a wannan mas'ala. Muka sayi soyayyen kifi da dankali, da ƙosan kaguwa wanda jihar Maryland ta yi suna a kai. Akwai miya da ake zubawa a cikin ƙwaryar burodi, amma sai an tambaya, domin wasu da naman alade a ciki. Giya kuma ko'ina, har da ta zuma, kuma tana ƙara yawa a hannun mutane yayin da yamma ke yi. Abincin mu huɗu da abin sha ya tashi wajen dala 70.

Muna ci na ce wa 'yata ta fito da littafinta. Na tambaye ta daga ina talotalo ya fito. Ta ce Turai mana. Na ce a'a, tsuntsun nahiyar Amurka ne, bai isa Turai ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, don haka babu wani barde na zamanin tsakiya da ya taɓa ganinsa balle ya ci cinyarsa. Dankalin da ke gabanta ma daga tsaunukan Amurka ta Kudu yake, kuma sai bayan mutuwar Henry ya shiga Turai. Kofi, wato gahawar da mutumin kusa da mu ke kurɓa, sai wajen 1650 aka buɗe shagon shansa na farko a Ingila. Ta rubuta tana dariya, daga nan ta mayar da abin wasa, duk inda muka bi tana farautar abin da bai dace da zamanin ba. A ganina wannan ne ya fi yi mata amfani a duk yinin.

Azahar ta yi, babu wurin salla a ciki, ban kuma sa ran samu ba. Na tambaya a ƙofa ko za mu iya fita mu dawo, aka buga mana tambari a bayan hannu. Muka koma mota, muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa tsakanin motarmu da ta maƙwabta. Ba wanda ya ko kalle mu. Fita da dawowar ta ci rabin awa saboda nisan filin, amma ta ba ƙafafu hutu, uwargida kuma ta canza zuwa silifas ɗin da ke but.

Daga nan muka nufi filin dawaki, abin da ya kawo mu. Wani mai sayar da zuma ya riga ya ba mu shawarar mu je da minti 40 kafin lokaci, kuma gaskiyarsa, domin waɗanda suka zo a kan kari a tsaye suka kalla daga baya. Filin dogo ne mai yashi, da shinge a tsakiya. Aka busa ƙaho, sarki da sarauniya suka hau rumfarsu, wani mai shela irin sanƙiran fada ya raba 'yan kallo kashi-kashi, kowane ɓangare da bardensa da launin tutarsa. Mu aka ba mu wani mai baƙaƙen kaya wanda daga ganin yadda yake harare-harare ka san shi ne mugun labarin. Da farko suka yi gwanintar zura mashi cikin zobe a guje. Wannan ba ƙirƙira ba ce, wasa ne da ake yi a jihar tun da daɗewa, har ma a 1962 Maryland ta ayyana shi a matsayin wasan jiha. Sannan aka zo karon kansa: barde biyu cikin sulken farantin ƙarfe tun daga kai har ƙafa, kowa ya saita mashi, suka sako dawaki. Ƙasa na girgiza a ƙarƙashin benci, ƙarar haɗuwar kamar an sare icce, mashin ya tarwatse gutsattsarinsa suka yi sama. Ɗana ya ƙanƙame ni. Na san an tsara wanda zai faɗi da wanda zai ci, kuma masun an yi su ne don su karye, amma dokin na gaske ne, nauyin na gaske ne, faɗuwar ma ta gaske ce. A zamanin da suke kwaikwaya abin ya fi haka muni. Shi kansa Henry ya faɗo daga doki a irin wannan karo a Greenwich cikin Janairun 1536 ya ji mummunan rauni, kuma Sarki Henry na 2 na Faransa tsinken mashi ne ya shige masa ido a 1559 ya yi ajalinsa.

Ni da na taso ina kallon hawan Daushe, dole zuciya ta yi awo. Dawakinsu sun fi namu girma nesa ba kusa ba, irin masu faffaɗan ƙirji da kofato kamar faranti. Amma su huɗu ne kacal. Na tuna jahi a ƙofar Kudu, mahaya sahu-sahu suna sako dawaki su ja linzami a gaban Sarki, ƙura ta turnuƙe, ga 'yan lifidi ga 'yan sulke ga kakaki. Bambancin da ya fi tsaya mini shi ne, wanda ke rumfar nan ɗan wasa ne, da yamma zai cire gemun sarauta ya shiga motarsa. Namu kuwa in an faɗi an yi gaisuwa, da gaske ake yi.

Wurin da na fi daɗewa wata 'yar rumfa ce a bayan maƙera, inda wani dattijo mai tabarau ke saƙa sulken zobba. Awartaki biyu ne ƙanana a hannunsa, ya buɗe zobe, ya zura shi cikin huɗu, ya matse bakin, ya ɗauki na gaba, ko kallon hannun ba ya yi. Ya miƙo wa 'yata wata riga ta ɗaga, ta kasa sai da hannu biyu. Ya bayyana mana cewa yawancin na sayarwa bakin zoben matse shi kawai ake yi, wasu ma na alminiyom ne don sauƙi, amma na yaƙi na asali kowane zobe sai an fasa shi an sa masa 'yar ƙusa an dake, kuma riga ɗaya na cin zobba dubbai. Na ce masa a garinmu har gobe ana sa irin wannan a hau doki ranar Sallah, sunansa sulke. Ya ajiye awartakin. Na nuna masa bidiyon hawa a wayata, ya kalla sau biyu, ya kira maƙerin da ke kusa shi ma ya zo ya gani. Na gaya musu cewa a tarihin Kano an ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma lokacin da Muhammadu Rumfa ya rasu a 1499 Henry yana ɗan shekara 8. Dattijon ya sa na rubuta masa kalmar sulke a bayan katinsa. Na sayi wani ɗan yanki mai faɗin tafin hannu dala 15 don yarinya ta kai aji.

Muna fitowa daga nan ta yi mini tambayar da na san tana tafe. "Abba, a lokacin akwai irinmu a can?" Na ce akwai, kuma na karanta labarin ɗaya. Sunansa John Blanke, baƙar fata ne, mai busa kakaki a fadar Henry na 7 da Henry na 8. An zana shi a kan doki da rawani a kansa a cikin doguwar takardar da aka yi don tunawa da gasar karon mashi ta Westminster a 1511, wadda Henry ya shirya don murnar haihuwar ɗa namiji, jaririn da bai cika wata biyu a duniya ba. Har takardar kokensa tana nan, inda ya nemi a ƙara masa albashi daga kwabo 8 zuwa 16 a rana, kuma sarki ya amince. Ta ce, "Ashe wanda ya ce maka jakada bai yi ƙarya sosai ba." Na ce ko kaɗan, sai dai shi bai san da haka ba.

Abin da babu a ƙauyen shi ne talaka. Kowa mai sarauta ne, ko barde, ko gimbiya. Ba manomin da ke noma gonar ubangidansa ba shi da ikon barin ƙauye, alhali su ne mafi yawan mutanen wancan zamani. Ba maganar annobar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Coci, wadda ita ce ke juya rayuwar mutum daga haihuwa zuwa kabari, nan ado ce kawai. Shi ma Henry da muka gani mai fara'a ne yana shafa kan yara, ba wanda zai ce shi ne ya auri mata 6 ya sa aka fille kan biyu, Anne Boleyn a 1536 da Catherine Howard a 1542. Da farko abin ya ɗan ba ni haushi, amma da na tuna mu ma ranar hawa ba wanda ke tayar da zancen bayin da aka kamo a yaƙi ko jangalin da aka tatsa, sai na sassauta. Mutum ba ya biyan dala 30 don a nuna masa annoba.

Ƙarfe 5 da rabi muka kama hanyar fita, yaran sun yi laushi, kuma hayaniyar masu sha ta fara yawa. Hoton bishiyar nan ya kai mu ga mota ba wahala, muka ga wasu suna ta zagaye suna danna makulli. Fita daga filin ta ci minti 25, waɗanda suka jira rufewa an ce sun fi haka daɗewa. Da na haɗa lissafi a gida, tikiti da abinci da 'yan wasannin yara na harbin kibiya da tsarabar sulke da takobin katakon da ƙaramin ya samu a ƙarshe, mun kashe sama da dala 200 ban da mai.

Wanda zai je, ya sayi tikiti makonni kafin ranar, ya adana hotonsa, ya isa kafin a buɗe ƙofa. Ya riƙo tsabar kuɗi, musamman 'yan dala ɗai-ɗai da biyar-biyar na 'yan wasa. Takalmi ya zama na tafiya, kaya masu duhu. Jadawalin nan a karanta shi tun a ƙofa a zaɓi wasannin yara, a kuma je filin dawaki da wuri, da hula ko lema domin rana na dukan bencin. Darduma da ruwan alwala su zauna a mota, kuma da iyali gara safiya zuwa la'asar. In kuma yaro aikin makaranta ne ya kai shi, a karanta tarihin a gida kafin a tafi, domin a can wasa za a tarar, mai kyau kuwa, amma ba za a rarrabe masa ƙarni na 9 da na 16 ba.

'Yata ta rubuta aikinta kan abubuwa bakwai da ta gani a bikin waɗanda mutumin zamanin tsakiya bai taɓa gani ba, ta fara da cinyar talotalo, ta liƙa hoton John Blanke a shafin ƙarshe. Yankin sulken ya zagaya ajin hannu-hannu ya dawo da zobe biyu a ɓalle. Shaddar kuwa sau biyu ana kai ta wanki, har yanzu akwai jan ƙasa a bakin ƙasanta.